Kwat Ɗin Da Maigida Ya Zaɓa

"Ita ma cire ta," in ji maigida. "Ofis za ki ko gidan biki?"

Matarsa ta jefa rigar kan tulin waɗanda ya ƙi. Tun da ya ji maza sun fi yawa a kamfanin da take aiki barcinsa ya ragu. So yake ta shige ɗakin fayil ta fito ba wanda ya ɗaga kai.

Da kansa ya tona ƙasan akwati, ya zaro wata kwat ruwan toka, doguwa, mai kauri kamar bargo.

"Haba maigida, sai ka ce mai takaba!"

"Haka nake so."

Ya wuni yana yaba wa kansa dabara.

Da yamma ta shigo da rawarta.

"Allah ya saka maka! Manaja ya jera mu, ya ce duk cikin matan ni kaɗai na yi shigar manyan ma'aikata. Daga gobe teburina yana cikin ofishinsa, kuma duk taron da za shi, ƙafata ƙafarsa."

Maigida ya saki baki.

"Af, ya ce in gaishe ka. Wai kana da ido."