Abin da Ban Iyawa

Ni na fara ganin alƙalamin matar ofis ya tsaya. Ɗiyar ƙanena da ta kai ni Mayahi ba ta lura ba, balle tsohuwata, uwargidana.

Tambaya guda ta rage a rubuta mini keken guragu na gwamnati: "Baba, tun da aka yanke ƙafar, mi ne ne ba ka iyawa?"

Ni? Ni da rijiya ta rufta da ni a Kanan-Bakashe, na fito ina yi wa masu tono faɗa? Na ce mata ina noma, ina hawan jaki, bara ma ni na kashe kububuwa da sandata. Ɗiyar tana ta ƙifta mini ido, ita da ta sha rana wajen haɗa takardun.

Matar ta aje alƙalami. "To Baba, ai kai ba ka buƙatar taimako."

Ga keke yana sulluɓe mini. Amma in ce ban iya? Bakina bai san hanyar ba.

Sai tsohuwata ta gyara mayafi. "Madam, rubuta. Ba ya iya kaiwa masallacin Juma'a. Sai ya ce rana ta yi zafi, ya juya wa ƙofa baya har a sallame. Kuma ba ya iya yin shiru."

Ranar dai na iya.

Bayan damina keke ya iso. Yanzu ni ke riga ladan isa masallaci. Mai musu ya zo ran Juma'a da ƙafafunsa biyu, mu tashi tare!