Majemi da Fatar Mushe

A zamanin da duba-gari ke bi gida-gida da kakinsa, an yi wani majemi a cikin birni. Hukuma ta ce kowa ya kai jimarsa bayan ganuwa, shi kuwa ya ga nisa, ya ci gaba da jiƙa fatu a kwatarniya a tsakar gidansa. Wata rana ya sami fatar wata saniya mushe daga zango, irin wadda ke faɗuwa farat ɗaya, jini na fita ta hanci. Fata ce lafiyayya a ido, ya kasa barinta. Yana cikin kankare ta da hantsi sai ya ji sallamar mai unguwa a zaure, da ƙarar takalmin duba-gari da duk unguwa ta sani. Ya naɗe fatar tana ɗiga, ya aza wa matarsa a wuya, ta shige ɗaki da ita, ta tura ƙarƙashin gado. Ya san ba a leƙa ɗakin matar aure.

Duba-gari ya shigo, ya buɗe randa, ya leƙa kwata, sannan ya tsaya daidai ƙofar ɗakin yana kallon ƙudajen da suka yi dafifi a jikin asabari. Mutumin ya juyo ya ce, "Malam, ba tara na zo ci ba. Shanu na mutuwa a zango, cutar kuma tana bin fata ta kama mutum. In akwai irinta a gidan nan, ba ni in ƙone." Majemi ya ce, "Ranka ya daɗe, iyali ne kawai a ciki." Duba-gari ya daɗe yana dubansa, kana ya fita. Majemi ya yi ajiyar zuciya, a ransa ya sha da ƙyar.

Ba a rufa mako ba wani ƙurji ya fito wa matar a wuya, inda fatar ta kwanta. Ba ya zafi, sai ƙaiƙayi, tsakiyarsa baƙi ƙirin kamar gawayi. Majemi ya san asibiti za a tambaye shi mafari, don haka ya tsaya shafe-shafe da jiƙe-jiƙe a gida. Wuya ya kumbura har numfashi ya gagara. Ranar nan da ƙafarsa ya ruga neman duba-garin da ya yi wa ƙarya, yana kuka yana faɗin gaskiya. Kafin su iso da amalanke, mai afkuwa ta afku.

Aka ƙone fatar, aka fasa kwatarniya. Majemi ya zauna a zaure, kai a sunkuye, jama'a na shigowa yi masa gaisuwa.

Shi ya sa Hausawa ke cewa, wanda bai ji bari ba, ya ji hoho.