Kwalin Dabino

A bakin ruwan Port Saeed, can ƙasar Larabawa, Murjanatu ta miƙa wa Labaran, saurayinta, wayarta. Hoto ne Babanta ya turo daga Kano: kwalin da Labaran ya aika masa dabinon gaisuwa a ciki, da zanen tukunyar jan ƙarfe da sunan wiskin Ireland a jikinsa.

"A otal ka ce kake aiki."

"Otal ɗin ne, ɓangaren mashaya." Ya sunkuyar da kai. "Ƙwarin kwalin na duba."

"Me kake yi a can?"

"Koya wa baƙi sha. Irin wannan ba a cika masa ƙanƙara. Ɗigon ruwa, a shaƙi ƙamshin, sannan a kurɓa a hankali. Wallahi ban taɓa kai shi baki ba."

Ta lura ko zancensu ba ya yi da irin wannan natsuwar.

"Zan bar aikin, Murja. Bari in canza biza."

Ta karɓi wayarta, ta gyara mayafi.

"A ƙofar masallaci Baba ya buɗe kwalin, zai raba wa jama'a dabinon surukinsa. Khalas, Labaran, ni da kai mun gama."