Ɗinkin Malam Barau

Tun da asibitoci suka koyi auna wani furotin a jikin sankarar hanta, wanda ke nuna ko mutum zai daɗe ko ba zai daɗe ba, aka kafa doka: ba a gaya wa majinyaci sakamakon, sai ɗan'uwa ɗaya da ya zaɓa. Malam Barau ƙaninsa Hambali ya zaɓa. Da sakamako ya fito, Hambali ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Yaya, sai godiya. Naka mai sauƙi ne."

Da wannan farin cikin ya ɗauki shaddarsa ya nufi shagon Ilu tela, ko da yake Sallah na da sauran watanni.

Ilu ya miƙe tsaye, abin da bai taɓa yi masa ba. "Gobe ka aiko a karɓa, Malam."

Barau ya yi dariya. "Kai da ka riƙe min wando har damina ta zagayo? Yaushe ka tuba?"

"Ai Hambali ya bi mu shago-shago, ya ce duk abin da ka kawo a sa shi gaba, kada a..." Ilu ya haɗiye sauran.

Barau ya waiwaya. Mahauci da mai shayi duk shi suke kallo, suka yi maza suka sunkuyar da kai. Ashe duk layin nan shi kaɗai aka bari a duhu.

Ya tura shaddar can ƙarƙashin tarin ɗinkin mutane.

"Ka ce min sai Sallah, Ilu. Na fi son ƙaryarka, ita na saba da ita."