San Huɗa da Gyauron Dawa

Ka ce ka kai wa mutumin nan hujja amma bai sauya ba. Zauna, ka ji wani misali.

Wani manomi yana da shanun huɗa biyu. A bakin damina, bayan ruwan fari, ɗaya ya faɗi, cikinsa ya kumbura, bakinsa yana kumfa. Da ƙyar aka samu aka yanka shi. Ana tsaye a kansa, sai wata mai tallar nono ta ce da safe ta ga maƙwabcin manomin yana zuba wani abu kusa da kwamin da shanun ke shan ruwa. Dama akwai tsohuwar rigimar iyakar gona tsakaninsu, don haka maganar ta tarar da wurin zamanta a share. Kafin la'asar manomin ya faɗa a ƙofar masallaci cewa maƙwabcin ne ya zuba wa sansa guba, ya maimaita a kasuwa, har da rantsuwa. Da mahauci ya farke tumbin, sai ga shi cike da gyauron dawa, ɗanyen tohon nan da ke fitowa a tsohon tushe, wanda kowane makiyayi ya san yana kashe dabba. Mai nonon ma ta dawo ta ce toka ce ashe mutumin ya zubar, ta tambaya ta tabbatar. Mai unguwa ya tara su. Manomin ya dubi ganyen a hannun mahauci ya ce, "Na gani. Allah ya huci zuciya." Aka yi musabaha.

Baki ya karɓa, zuciya ba ta sake ba. Labarin farko ya ba shi wanda zai tsana. Na biyu ya bar shi da ganye, da kuma tambayar wa ya ɗaure san a tsohuwar gona. Ga mutanen da ya rantse a gabansu, kullum sai ya wuce su a hanya. Duk lokacin da ya ja ɗaya san zuwa kwami, sai hannunsa ya ƙanƙame igiya. Ba ya cewa an zuba guba. Cewa yake yi, kiyayewa ba laifi ba ce. Hadari yana haɗuwa, huɗa ta matso, sa ɗaya ya rage masa tsakaninsa da yunwar baɗi. Sai ya yanke shawarar nisanta shi da gidan maƙwabci baki ɗaya. Ya kai shi can bayan gari, ya kafa turke a gonarsa ta bara, inda babu mai wucewa, inda toho ya yi kore shar. Da azahar ya dawo ya same shi a kwance, ya riga ya sandare, ganye yana leƙowa a gefen bakinsa. Manomin ya tsaya, ya daɗe yana kallon ganyen. Sannan ya ɗaga kai, idonsa ya tafi kai tsaye wajen gari, sashen da gidan maƙwabcin yake.

Mai nonon ta janye maganarta, amma maganar ba ta biyo ta gida ba. Shi ya sa Hausawa suka ce: magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa.