Malamin Jamusanci da Shafin da Uwarsa Ta Ƙi

Misali zan ba ka, tunda kana ƙorafin aikinka ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. An yi wani malamin jami'a mai koyar da adabin Jamusanci. Ɗan fari ne, saboda haka uwarsa tana masa alkunya, ba ta taɓa kiran sunansa ba. Shekara bakwai ya yi yana karatu a Jamus, amma ranar da ya dawo iyakarta da shi "An dawo?", ta ci gaba da tankaɗen garinta. Abin ya tsaya masa a rai, don ko gemu ya yi fari ɗa ɗa ne.

Da lokacin neman matsayin farfesa ya zo, ya ɗauki wani littafin Jamusanci yana fassarawa zuwa Hausa don ya haɗa da takardun da zai miƙa. Duk Juma'a yakan je ya karanta wa uwar tasa fassarar a gindin darbejiya, don kunnen tsohuwa ya fi ƙamus. Aiki na tafiya, sai aka zo shafin da wata uwa ke tarbar ɗanta bayan doguwar tafiya. Tsohuwa ta girgiza kai ta ce Hausar ba ta zauna ba, a sake. Ya sake, ta ƙi. Sau tara yana sakewa, har ranar miƙa takardu ta wuce, sa'o'insa suka zama farfesoshi suka bar shi. Abokai suka ce ya buga abinsa, me tsohuwar da ba ta san ko bihim ba za ta koya masa? Shi kuwa bai iya tsallake maganarta ba.

A karo na goma tana fama da jiki, muryarta ta yi ƙasa. Ta ce, "Boko ya ɓata ka. Ajiye takardar ka ji yadda uwa ke faɗa." Ta kama hannunsa, ta dube shi ido cikin ido, ta ce, "Ɗana, tun ranar da ka tafi tuwo bai ƙara yi mini daɗi ba. Kowace mota ta tsaya sai na leƙa."

Babu tuwo a littafin Bajamushen, babu mota; da ɗanta take. Malam ya riƙe alƙalami ya kasa rubutu, hawaye na ɗiga a kan shafin. Ita kuwa ta saki hannun, ta ce kaji sun shiga hatsi.

Ka ji dalilin da Hausawa ke cewa, mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa.