Motar Auta Ta Ƙi Tashi

Baba ya danna makunnin a karo na goma sha ɗaya. Motar Auta ko tari ba ta yi ba.

Jar mota ce ta yara, mai batir, da fitilu da oda da wurin saka waƙa. Kawu, ƙanin Mama, shi ya kawo wa Auta ita satin da ya wuce. Yau ga ta a tsakiyar falo kamar gawa, Auta na gefe tana kuka har da majina.

"Caji ne," in ji Baba.

Shi dai Baba, tun ranar da ya canza ƙwan fitilar banɗaki ya zama injiniya. Ya jona caja, ya cire, ya hura bakinta, ya mayar. Ya bubbuga batir da bayan cokali. Ya kwantar da motar ya leƙa cikinta, ya miƙe yana ɗingishi, wai ƙofa ce ta buge masa gwiwa.

Shiru, yayar Auta, na maƙale a jikin bango. Haka ake kiranta a gida, don sai ta wuni ba ta ce uffan ba. Yau kuwa ko kallon motar ta kasa yi.

Jiya da rana, da kowa ya fita, ta hau motar. Ita, 'yar shekara goma sha biyar, gwiwoyi har kunne. Sau uku kacal ta zaga falo. Abin da ya fi muni, ta haɗa motar da wayarta ta bulutut don ta ji waƙa. Wayar da babu wanda ya san da ita, wata tsohuwa mai fasasshen gilashi da ƙawarta ta ba ta, wadda ke ɓoye cikin rigar filo. Duk hotunan ɗinkin da take koyo a ciki suke. Baba kuma ya sha rantsuwa, ranar da ya gan ta da waya, guduma ce za ta raba su.

Da ta ji motar ta fara nishi, ta kashe ta, ta tura ta inda take, ta tafi sayo wa Mama sabulu. Ashe nishin ajali ne.

"A kira mai gyara," in ji Mama.

"Wane mai gyara? Ina raye?"

"Ai shi ya sa, Baban Auta."

Baba ya ce motocin yanzu duk jabu ne, a kai ta sito kawai a manta. Auta ta ƙara murya. Mama ta yafa mayafi ta fita da kanta, ta dawo da mai gyaran bakin layi, wani dattijo mai sukudireba a bayan kunne.

Mutumin ya ɗaga kujera, ya gwada batir, ya ce lafiyarsa ƙalau, sai dai wani ya yi masa duka. Baba ya kalli silin. Mai gyara ya gwada caja, ya taka totur da hannu, ya shinshina.

"Waya ce matsalar," in ji shi.

Shiru ta ɗauka wayarta yake nufi. Har ta buɗe baki za ta ce a yafe mata, sai ta ga ya zaro wata baƙar wayar wuta da ta narke.

"Har fis ɗin ma ya ƙone. Hajiya, wannan ba aikin yara ba ne. Babba ne ya hau ta."

Mama ta waiwayo a hankali, ta kalli Shiru tun daga sama har ƙasa.

"Babba?" Baba ya daka tsawa, har jijiyar wuyansa ta tashi. "A gidana? Duk wanda ya yi sai ya gane kurensa!"

"Ai ba sai an sha wahala ba, maigida," in ji mai gyara, yana naɗe waya da baƙin tef. "Irin wannan motar ba ta mantuwa. Tana tashi za ta kama wayar hannun da aka haɗa mata ta ƙarshe. Duk abin da wayar ta ce, ta bakin motar zai fito."

Shiru ta ce za ta ɗebo wa baƙo ruwa. Mama ta ce ba ya jin ƙishi, ta tsaya nan. Ɗakinta taku biyar ne daga falo, wayar a kunne take, ƙawarta kuma ba ta da aiki sai kira.

Baba ya zaro tasa wayar ya rage mata murya har ƙasa, wai don kowa ya ji da kyau. Ya harɗe hannu kamar alƙali.

Mai gyara ya sa sabon fis, ya danna makunni. Fitilu suka kawo. Auta ta yi tsalle. Motar ta yi ƙara sau biyu, tit, tit.

"Ta kama," in ji mai gyara.

Suka jira. Babu waƙa, babu kira. Shiru ta san ko saƙo ɗaya ya shigo shi ke nan, guduma.

Baba ya saki wata doguwar dariya, kafaɗunsa suka sauka.

"To ina ɓarawon? Ka ji malamin ƙarya, wai mota ta san waya! Bari in kira kawunku, ya zo ya ga jabun da ya saya."

Ya danna lamba, ya kara a kunne, ya ɗaga gira yana jira. Ya ɗan girgiza wayar.

"Halo? Halo? Kai, ba na jin komai."

"Salamu alaikum, Yaya, ni ina jin ka," in ji Kawu, daga cikin motar Auta.